Tambarin Malam Banufe

Ba mu kai Daura ba na fara zargin Tanko. Falke ne mutumin Dungu, mai jakunan kanwa, kuma a hannunsa Inna ta damƙa ni da za mu bar Matameye. Laifinsa yawan tambaya. Duk inda ayari ya yada zango sai ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya kafa wa ƙunshin da na ɗaure a ƙirjina ido.

"Mamman, wai me ke cikin fatar nan da ko alwala ba ka ajiye ta?"

"Tsummokara ne, Baba Tanko."

"To, Allah ya tsare mana tsumma."

Ba tsumma ba ne. Rigar da mahaifina ya mutu bai gama ɗinkawa ba ce, kuma saboda ita na kama hanyar Bida, ni da ko Kano ban taɓa gani ba.

Mahaifina baƙo ne a Matameye. Daga ƙasar Nufe ya zo tun yana saurayi, ya auri Inna, ya zauna har ya tsufa, amma bai taɓa gaya wa kowa abin da ya fitar da shi daga garinsu ba. Sunansa Kolo, sai dai kowa Malam Banufe yake ce masa. Aikin riga yake yi. Abin da ya fitar da sunansa shi ne tambari, wato da'irar nan da ake ɗinkawa a bayan riga. Nasa daban yake da na kowa, har fatake kan ajiye ƙyalle su jira shi damina guda.

Mutum ne mai tsananin ɓoye aikinsa. Ba ya zana tambari gaba ɗaya a jikin riga yadda maɗinka ke yi. Abin da zai ɗinka a ranar kaɗai yake zanawa da tawada, shi ma sai an kawo masa fura daga cikin gida, ya aike ni wani wuri, ya saki asabarin zaure. Inna kullum cikin mita take, wai ƙwaryarta da faifanta sun yini a zaure ba a mayar mata ba. Ni dai nawa cike aska ne, wato adon gaban riga, da wuyanta. In na ce ya koya mini tambari, sai ya ce da sauran lokaci. Lokacin kuwa bai zo ba. Ya rasu ya bar riga guda ta saƙi, gabanta a gama, tambarin baya kuwa cibiyarsa kawai ya yi da zobe ɗaya.

Na sha ganin tambarin a rigunan da ya gama, amma da na zauna in zana shi a ƙasa sai ya fito irin na kowa. Rigunansa duk fatake sun watsa su Agadas da Barno. Ɗaya da ta rage kusa, ta wani attajiri a Kurni, gobara ta cinye ta. Na ga dai in ban yi wani abu ba, hannun Baba ya tafi ke nan. Sai na ce zanen nan daga garinsu ya taho da shi, can zan je in samo sauransa. Inna ba ta hana ni ba, ko da yake tari ya kama ta, idonta kuma ya fara hazo. Ta cika mini ƙwarya da gumba, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta.

Allura ba ita kaɗai na gada wajen Baba ba, har da rashin yarda da mutane. A Kano kuwa na ga amfanin gadon, sai dai ban yi aiki da shi a kan wanda ya kamata ba.

Tanko ya ce in zauna a masauki har ya dawo daga wajen masu kanwa. Ni kuwa na ce a raina so yake ya san inda zai same ni. Yana juya baya na sulale kasuwa. Ban daɗe ina zagayawa ba wani dillali mai jar hula ya tare ni da fara'a kamar ya ga ɗan ƙanwarsa.

"Samari, daga Damagaram ko? Ai na gani a ɗaurin rawaninka. Nufawa kake nema? Ka zo gida."

Ya ce akwai wani tsoho a unguwarsu da ya san duk maɗinkan Bida, zai aika a kira shi. Ya kai ni wani zaure mai sanyi, aka kawo mini fura da nono. A gefe akwai mutum biyu zaune da alluna a cinya, na ɗauka karatu suke rubutawa. Dillalin ya ce kafin tsohon ya iso in buɗe rigar ta sha iska. Ni da na hana Tanko gani, sai ga ni ina shimfiɗa ta da hannuna. Ina cikin shan fura na lura mutanen nan ba sa motsa baki yadda mai rubutun karatu ke yi. Su dubi riga, su dubi allo. Na miƙe na leƙa, sai ga askar Baba da cibiyar tambarinsa kwance a allon wani ƙato.

Na fizge rigata. Dillalin ko gezau.

"Me muka ɗauka naka? Ga rigarka nan, ko zare ba ta ragu ba. Sha furarka."

Tsohon da za a kira kuwa har yau bai iso ba. Na koma masauki ina haɗiyar zuciya, ina tambayar kaina yadda aka yi mutumin nan ya san ina ɗauke da riga. Amsa ɗaya na samu, Tanko. Ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaye ni abin da ya sa idona ya yi ja ba. Daga ranar na daina cin abinci a ƙwarya ɗaya da shi.

A Zariya masassara ta kayar da ni. Ayari ya tsaya hutun jakuna, ni kuwa ina kwance a rumfar masauki ina kakkarwa, na danne rigar da cikina. Wata tsohuwa mai sayar da koko a ƙofar gidan ita ta ji nishina. Ba ta san ni ba, ba ta tambayi ko ɗan wa ne ni ba. Ta dinga ɗura mini jiƙon maɗaci, in na yamutsa fuska ta ce, "Haɗiye, ɗan nan, uwarka ba ta nan balle ka yi mata shagwaɓa." Maganar nan ta fi maɗacin ɗaci. Na tuna Inna zaune a gindin tsamiyar gidanmu tana tari, na juya fuskata ga zana na yi kuka sosai.

Da na farfaɗo sai na tarar da ƙunshina a ƙarƙashin kaina, amma ɗaurin ba nawa ba ne. Na yunƙura na tashi.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

Tanko yana gefe yana gyaran akumari. Bai ko ɗago ba.

"Ni ne. Zufarka ta jiƙa fatar, da na bar ta da rigar ta yi fumfuna. Na shanya ta a bayan ɗaki, na tsaya a kanta har ta bushe."

"Ka gani ke nan."

"Na gani. Ni kanwa na sani, ɗana, ban san ɗinki ba."

Na bincike rigar ciki da waje, ban ga abin da ya taɓu ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Da za mu tashi na rasa abin da zan ba tsohuwar nan, don guzurina ya ƙare. Sai na miƙa mata faifan Inna. Ta juya shi a hannu ta ce wadda ta saƙa wannan ta san aiki, ta sa mini albarka.

Daga Birnin Gwari hanya ta canza. Daji ya yi duhu, bishiyoyi suka haɗe a sama, muka riƙa wuce kufai inda tukwane ke kife ba kowa. Zamanin ne da ake kama mutum a hanyar gona a sayar da shi. Wata rana muka ba wani ayari hanya, mutane ne a jere da igiya a wuya. Muka ci gaba har muka yi nisa. A nan ne Tanko ya rage tafiya ya jero da ni.

"Mamman, ka san abin da ya fitar da ubanka daga Bida?"

"Ban sani ba."

"To kada ka ambaci sunansa a garin nan sai ka sani. In bawan wani gida ne ya gudu, suna jin kai ɗansa ne za su ce kayansu ya dawo."

"Ai uwata ɗiya ce, ba baiwa ba."

"Wanda ya fi ka ƙarfi ba zai tsaya tambayar uwarka ba."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, amma da ya faɗa sai komai ya zauna daidai: shirun Baba, da asabarin da yake saki, da yadda yake shigewa gida in ya ji an ce ga fataken Nufe. Sai kuma wani tunanin ya biyo baya. Me ya sa Tanko bai faɗa mini tun a Matameye ba, sai da muka shigo inda ba zan iya komawa ni kaɗai ba? Na dubi jakunansa, na dubi igiyar da ke rataye a kafaɗarsa. Tun daga nan ban ƙara yarda ya bi bayana ba.

A Wushishi muka haye Kaduna cikin kwalekwale. Ni ɗan tudu, ruwan da na sani na rijiya ne da tafki, na ƙanƙame rigar na rufe ido. Sai na ji masu tuƙin suna hira da harshen da Baba yake gunaguni da shi in allura ta soke shi. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma sai da na buɗe ido na dubi bakinsu.

Bida gari ne mai zafi da gumi, tuwonsu na shinkafa, miyarsu ta manja, cikina bai karɓe su ba. Maɗinka kuwa ga su nan zaure bayan zaure. Na yi kwanaki ina bi ina kallo daga nesa, rigar na ɗaure a ƙirjina, ban nuna wa kowa ba. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in ga kamar yana auna kuɗin da zan yi a kasuwar bayi. Tambarinsu kuma na dudduba, masu kyau ne, amma ban ga na Baba ba.

A wani zaure kusa da masu aikin tagulla na ga wani tsoho siriri. Kafin ya soka allura sai ya goga ta a gefen hancinsa. Haka Baba yake yi, kuma ban taɓa ganin wani maɗinki a Damagaram ya yi ba. Na dawo washegari, na sake dawowa. Rannan sai ya ajiye aikinsa ya yi mini magana da Hausa.

"Kai baƙo. Kullum kana tsaye kana auna hannuna. Ɓarawo ne kai ko maɗinki?"

"Maɗinki ne, Baba."

"Shigo mu gani."

Ya miƙo mini ƙyalle da allura. Na zauna, na ja zare, kuma kafin in ankara na goga allurar a gefen hancina. Tsohon ya daina motsi. Ya yi wa mutanen zauren magana da harshensu, duk suka ajiye aiki suka zuba mini ido. Ɗaya ya tashi ya koma kusa da ƙofa.

"Wa ya koya maka ɗinki?" in ji tsohon.

Na waiga in ga ko akwai hanyar gudu, sai na ga mutum ya cika ƙofar, sanda a hannu, igiya a kafaɗa. Tanko ne. Na ce shi ke nan, cinikin da aka ƙulla tun Kano yau ya faɗa.

Tanko ya buga sandarsa a ƙasa ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Salamu alaikum. Yaron nan mutumin Matameye ne, ɗa ne, uwarsa ɗiya ce, na san kakanninta. Ni na zo da shi, ni zan mayar da shi. Fataken kanwa duk sun san yana nan. Yanzu ku tambaye shi abin da kuke so."

Ashe tun ranar da muka shigo garin yake bin sawuna, ya bar kanwarsa a hannun abokan tafiya. Kunya ta rufe ni har na kasa duban inda yake. Na kwance ƙunshin, na shimfiɗa rigar a gaban tsohon, na ce, "Sunan mahaifina Kolo. Ya rasu."

Tsohon ya sunkuya a kanta. Ya ɗora tafinsa a kan askar gaban rigar, yana bin ɗinkin da babban yatsa. Sunansa Jiya. Ya ce shi da Baba a zauren nan suka koyi aiki wajen kawunsu. Baba ba bawan kowa ba ne. Al'adar gidansu ce ƙarami ba ya ɗinka sai abin da babba ya zana masa, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Kolo kuwa hannunsa ba ya jin magana. Wata rana aka ba shi rigar wani babban mutum, ya ƙara wani abu nasa a tambarin. Kawun ya tara kowa, ya sa wuƙa ya farke aikin a gabansu, ya karya allurarsa. Da fataken arewa suka tashi aka nemi Kolo aka rasa.

"Mun ɗauka ya mutu a hanya," in ji shi. "Ashe ya samu inda ba mai farke masa."

Na juya masa bayan rigar. "Baba, wannan ne ya kawo ni. Ka zana mini sauran."

Ya kai rigar bakin ƙofa inda haske yake. Ya kira wani dattijo, suka duba tare, suka yi ta magana. Sannan ya dawo ya zauna yana girgiza kai.

"Ɗinkin namu ne. Zanen ba namu ba ne. Ban taɓa ganinsa ba."

Na ce a raina ashe a banza na sha wahala. Duk wannan tafiya, da masassara, da tsoro.

"Tsaya," in ji shi. "Dubi nan. Tambarinmu layinsa santsi yake zagayawa. Na Kolo hawa-hawa yake tafiya, kamar matakala. Allura ba ta buƙatar haka, sai in tana kwaikwayon abin da aka saƙa. Wannan tafiyar kaba ce. Me ubanka yake kallo in zai yi zane?"

Na buɗe baki in ce ba ya kallon komai, sai na tuna. Na ga Baba zaune, an ajiye masa fura, ya ɗauke faifan ya ɗora a gwiwarsa, sannan ya ce in je in sayo masa zare. Na ji muryar Inna daga cikin gida tana mitar faifanta. Ashe zanen yana jikin faifan da na ɗauko tun daga Matameye a kan ƙwaryar gumba, na kuma miƙa wa mai koko a Zariya da hannuna.

Jiya ya ba ni zaren tsamiya mai kyau na ɗinki, ya ce in gama da shi. Na so in juya a ranar, amma dole na jira Tanko ya sayar da kanwarsa ya sayi goro. A hanya na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ai da ka yarda da kowa da ban kai ka Bida ba. Dillalin Kano kuwa, duk wanda ya ga yaro rungume da fata a ƙirji ya san ba tsumma ba ne." A Zariya na nemi tsohuwar, ta ce ta sa faifan cikin kayan jikarta da aka kai aure wani ƙauye. A Kano na ga riguna rataye da askar Baba a gaba, bayansu kuwa an cike da tambarin kowa da kowa. Ban ko tsaya ba. Tunanina ɗaya ne, tarin da na bar Inna da shi, don faifan da ke gidanmu na yau da kullum ne, mai zanen nan guda take saƙawa sai ya tsufa ta sake wani.

Na same ta da rai, a gindin tsamiya. Ta rame, idon kuma ya tafi, sai da na yi magana ta gane ni. Bayan an gama koke-koke da gaisuwa na yi abin da Baba bai taɓa yi ba. Na shigo da rigar cikin gida. Mata ba sa zama a zaure, riguna kuma ta ƙofar waje suke fita, don haka duk zamansu Inna ba ta taɓa riƙe aikinsa a hannu ba.

Na shimfiɗa mata bayan rigar a cinya, na ɗora yatsunta a kan cibiyar tambarin. Ta shafa. Ta bi zoben da ɗan yatsa, tana hawa matakalar ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya. Ta koma farko ta sake bi.

"Wannan ai na uwata ne," in ji ta. "Da shi ta zo daga Icirnawa. Wa ya sa shi a riga?"

"Baba ne, Inna. Duk rigar da ya ɗinka shi ne a bayanta. Har Agadas, har Barno."

Sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska kamar amarya, kafaɗunta na rawa, ban san dariya take ko kuka ba.

"Ashe abin da Malam yake yi da shi ke nan. Ni kuwa ina ta yi masa faɗa."

Da ta sauke mayafin ta ce in jiƙa mata kaba, in nemo rinanniya wajen maƙwabta. Na kawo, na ɗauko tawada da allurar Baba na zauna kusa da ita a tsakar gida, inda duk mai shigowa zai gani. Ta fara cibiya da laluben yatsa, ta zagayo zoben da Baba ya tsaya a kansa. Sannan ta miƙo hannu wajena.

"Daga nan ja ne ke bi. Miƙo mini ja."